Satar Ƙwanso a Hillat Gwadabe

Rana ba ta gama fitowa ba labari ya zaga Hillat Gwadabe: an fasa ɗakin tsutsar Daktora Raihana.

Almu mai bin sawu na zaune bakin angarib, gadon igiya, da kofin jabana, wato gahawa, a hannu lokacin da saƙon Shehu Salih, shehun hilla, wato mai garin, ya iso. Bai ƙarasa sha ba. Ya suri sandarsa ya nufi bakin tur'a, babbar magudanar da ta raba gari da gonaki, yana tafe yana addu'ar kada jama'a su riga shi. Sun riga shi. Maza da mata sun cika ƙofar ɗakin suna kai-kawo, kowa na tattake ƙasar da ya kamata a bar masa.

"Baya! Yalla, ku ja baya, don girman Allah!"

Ya ja layi da sanda, ya karɓi kwanoni daga hannun mata ya kife su kan 'yan sawun da suka tsira. An yi ruwa shekaranjiya, baƙar ƙasar ta yi laushi, duk abin da ya taka ta sai ta riƙe shi. A bakin ƙofa ya ga takalmin taya, babba. A bayan ɗaki, ƙarƙashin taga, ya ga markub, takalmin fatar nan na magidanta. An ɓanɓare ƙarfen kwaɗo daga katako, amma an maida ƙofar an tokare ta da bulo.

"Wa ya sa bulon nan?"

"Haka na tarar da shi da rana ta kusa fitowa, Baba Almu," in ji Raihana. Doguwar mace ce, idanunta sun yi ja.

Raihana 'yar garin ce, marainiya, gwaggonta Hannatu ce ta rene ta. Ta yi karatu har ta sami aiki a wata cibiyar bincike a birnin Madani. Da yaƙi ya watsa mutanen can, ta dawo gida da akwatin sanyi a kan cinya, cike da ƙwan tsutsar alharini. Ruwan noma ya yi ƙaranci, hawasha, gonar ban-ruwa, ba ta ciyar da gida kamar da, sai ta koya wa mata kiwon tsutsa da ganyen bishiyar tut, suna zare alharini suna aikawa birnin Damazin. Amma akwai wasu tsutsotsin da ta ware a wannan ɗaki, ba ta ba kowa irinsu, ba ta barin kowa ya shiga in ba Mujahid ba, mai yanko mata ganye.

Shi Mujahid ɗin ne samari suka riƙe wa wuyan riga a gindin darbejiya. Ɗan gudun hijira ne, ba shi da kowa a garin.

"Tun farko muka faɗa," in ji wani a cikin taro. "Tsutsa mai jinin waje!"

"An ce cikin duhu haske take kamar idon kyanwa."

"Baƙon nan aiko shi aka yi. A kai shi shinge, can za ya yi magana!"

Shehu Salih ya ɗaga hannu. Kowa ya san baƙon da aka kai shingen masu bindiga a wannan zamani, da sunan mai leƙen asiri, dawowarsa sai wani ikon Allah.

"Ba mai kai kowa ko'ina," ya ce. "Za ya zauna a sitona. Almu, na ba ka zuwa gobe da la'asar. Bayan nan ban san ko zan iya riƙe su ba."

*

Almu ya ja Raihana gefe, ƙarƙashin rumfa.

"Mi aka ɗauka?"

"Faifai ɗaya, na ƙwanso. Ka san tsutsa in ta ƙoshi sai ta naɗe kanta cikin zare. To waɗannan sun nuna. Yau ko gobe farasha, malam-buɗe-littafin da tsutsar ke zama, za ta huda ta fito."

"Ɗiyata, faɗa mini gaskiyar abin da ke jikinsu. Mutane na faɗin abubuwa."

Ta goge ido da bakin mayafi. "A cikin kowane ƙwai akwai ƙwayar gado, ita ce ke sa ɗa ya ɗauko uba. Mun ɗauko wani ɗan guntun gado daga wata halittar, muka sa a ƙwan da allura mai siririn baki. Yawancin ƙwai narkar da shi suke yi, ya ɓace. A wasu yakan ɗan zauna kamar baƙo, tsutsa na girma yana raguwa, har ya ƙare. Kaɗan ne ƙwarai yake mannewa a jikinsu, ya bi 'ya'ya da jikoki. Hasken da ake faɗa alama ce muka haɗa da shi, don mu gane waɗanda ya zauna musu, kuma sai da fitila ta musamman ake ganinsa. Faifan nan duka waɗanda ya zauna musu ne."

"In kaza ta ci fa?"

"Cikinta ya narkar da shi kamar dawa. Ba ya bin iska, ba ya tsirowa a ƙasa, farashar ma ba ta iya tashi. Hanya ɗaya gare shi: farashata ta haɗu da ta gari su yi ƙwai. Daga nan ya shiga iri, babu mai iya tsince shi."

"In ya shiga, mi za ya yi?"

"Ban sani ba tukuna. Shi ya sa nake kulle su. An sa shi ne don ya kare su daga ciwon nan da ke kashe tsutsar mata. A wasu ya yi aiki. A wasu kuma jikoki suka fito ba su iya saƙa ƙwanso ko kaɗan, sai su yi ta juya kai har su mutu."

Almu ya dubi takalmin tayar da ke ƙarƙashin kwano. "Kina zaton Mujahid ne?"

Ta kau da kai.

*

Ya sami Mujahid tsugune tsakanin buhunan riɗi, leɓensa a fashe. Hausarsa guntu-guntu ce, Larabci ya fi zama a bakinsa, yana ce wa Almu ammi, wato baffa.

"Ya ammi, wallahi ban ɗauka ba. Da magariba na kai ganye, na ba su, na kulle. Halas, shi ke nan."

"Da asuba ina kake?"

"Ina kwance. A madrasa."

Almu ya fita. Makarantar da 'yan gudun hijira ke kwana tana ƙarshen gari. A bayan katangarta ya tarar da takalmin taya ya fita, sabo, raɓa ba ta kwanta masa ba. Ashe ƙarya Mujahid ya yi masa. Ya bi sawun ta cikin gonar riɗi, ya tsallaka kwata, rana na dukan ƙeyarsa, har zuwa wani tudu da ke kallon kogi, kusa da inda motocin Damazin ke tsayawa. Nan ya ce a ransa magana ta ƙare, an kawo kaya an miƙa wa mai mota.

Sai dai ƙasa ba ta yarda da shi ba. Babu wurin da aka aje faifai. Babu sawun mutum na biyu. Dugadugan ba su nutse irin na mai ɗauke da kaya a ka ba. Abin da ke kan tudun shi ne sawun mutum ɗaya da ya yi ta kai-kawo, gabas da yamma, har ya fitar da 'yar hanya a cikin ciyawa, sabon sawu a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa.

Ya koma sito gumi na zuba.

"Mi kake yi a kan tudu kullum?"

Mujahid ya sunkuyar da kai. Da ƙyar maganar ta fito. "Can kaɗai waya ke kamawa. Matata, Sara. Tun ranar da muka fito daga Madani, a bakin gada taro ya raba mu. Kullum ina kiran lambarta."

"Tana shiga?"

"Ba ta shiga."

"Don mi ka ɓoye?"

"Ya ammi, baƙo a kan tudu da waya da asuba? Mi za su ce?"

Almu ya san abin da za su ce. Ya miƙa masa butar ruwa ya fita.

*

Markub ɗin bai ba shi wahala ba. Dunduniyar hagu ta cinye ta waje, kuma mutum ɗaya ne a hilla ke tafiya haka: Sa'idu, maƙwabcin Raihana, wanda a watan jiya ya yanka kajinsa duka ya binne, don sun tsattsage sharar da aka zubo daga ɗakin tsutsa. A gaban mutane ya rantse sai ya ƙone ɗakin.

Almu ya same shi yana gyaran shingen ƙaya.

"Sa'idu, ka tsaya ƙarƙashin tagar Daktora, ka daɗe. Ka aje gwangwani a damarka, zagayensa na nan a ƙasa. Na sunsuna wurin. Kananzir ne."

Sa'idu ya jefar da ƙayar. "To, na tahi! Ban ɓoye ba. Da asubar fari na tahi in ƙone shi, kowa ya huta. Amma ban ɗauki ko tsinke ba. Mi zan yi da wagga ƙazanta? Ni da ko inuwar ɗakin ba na son ta taɓa ni?"

"Mi ya hana ka ƙonawa?"

Ya murza gemu. "Da mutum a ciki. Na ji ana yanka ganye, ƙyas-ƙyas, kuma muryar mace tana bisimilla a hankali. Na ce Daktora ce. Ya zol, bawan Allah, ni ba mai kisan kai ba ne. Na ɗauki gwangwanina na koma."

"Ka ga fuskarta?"

"Ta baya na zo, ta baya na koma."

Almu ya dawo gida yana juya maganar. Mace a cikin ɗaki kafin gari ya waye, kuma Raihana ta ce sai da rana ta kusa fitowa ta je. Ya tuna yadda ta kau da kai da ya tambaye ta. Ko ita ce ta ɓoye kayanta, don ta ji ana shirin ƙona su, ta bar baƙo ya ɗauki laifi? Bai so tunanin ba, amma tunanin ya ƙi barinsa.

A tsakar gida ya tarar da matarsa Hadizatu ta fito da tasa daga ɗakin tsutsarta. Rabin tasar matattu ne, sun kumbura sun yi ruwa, suna wari. Ta haƙa rami a bayan rumbu ta zuba su, ta rufe. Ta aje masa tuwo. Ya yi loma biyu ya wanke hannu, ya tashi ya zauna, ya sake tashi.

*

Da sassafe ya tare Raihana a ƙofar ɗakin.

"Jiya da asuba an ji mace a cikin ɗakin nan tana yanka ganye. Ke ce?"

Ta zuba masa ido.

"Mace? Baba, da na shigo jiya na tarar an ba sauran tsutsar ganye, an ƙara ruwa a gwangwanayen da ke ƙarƙashin ƙafafun katako don kada tururuwa ta hau. Mujahid ne ke ba su na asuba wani lokaci. Shi ya sa na kasa buɗe baki in kare shi. Na ce ya zo, ya ciyar da su, ya ɗauka."

"Mujahid bai zo nan da asuba ba. Sawunsa na ƙofa na magariba ne, ƙwaro ya ratsa ta kansa. Bari in shiga."

"Sai ka cire takalmi, ka taka cikin wancan."

Wani faffaɗan tire ne a bakin ƙofa, cike da garin farar ƙasa. Ta ce haka ake yi don kada a shigo da ciwo, kuma haka ta koya wa duk matan da ke kiwo. Almu ya cire, ya taka, ya shiga. Ɗakin na da sanyi, yana ƙamshin ɗanyen ganye, tsutsotsi na ci da wata 'yar ƙara kamar yayyafi a kan kwano. Daɓen siminti duk fararen sawun Raihana ne, dogaye, sun hau juna.

"Ina faifan yake?"

Ta nuna kusurwa, can saman katako. "Tun jiya ban iya zuwa wurin ba."

Ya durƙusa. A kusurwar akwai farin sawu guda biyu da ba a taka ba. Babu dunduniya, yatsu kawai da gaban ƙafa: gajeren mutum ya yi ɗage don ya kai sama. A ƙafar dama yatsu huɗu ne suka fito. Na kusa da babban yatsa bai taɓa ƙasa ba, don ya hau kan ɗan'uwansa.

Almu ya daɗe a durƙushe. Ya san ƙafar nan. Tun yana saurayi yake ganinta a laka bakin tur'a, wurin wanki. Ɓarawon da ya cire takalmi, ya taka farar ƙasa, ya ciyar da tsutsa, ya tokare ƙofa don kada kyanwa ta shiga.

"Baba, mi ka gani?"

"Ki jira ni a gidan Shehu," ya ce, bai dube ta ba.

A gindin darbejiya ya sami ɗigon fari inda aka sa silifa. Daga nan sawun ya hau katakon da ke tsallake tur'a, ya nufi unguwar ƙetare, ya tsaya a ƙofar da yake tsammani. Ya yi sallama, shiru. Ɗakin tsutsa a kulle. Yana nan tsaye yana shawara da zuciyarsa sai ya jiyo hayaniya daga cikin gari. Samari ba su jira la'asar ba.

*

Ya iso yana haki. Sun cika ƙofar Shehu Salih, an ma kawo amalanken jaki da za a ɗora Mujahid. Shehu na tsaye a bakin zaure da carbi a hannu, muryarsa ta dishe.

"Shehu, a shigo da su zaure," in ji Almu. "Mujahid, da Sa'idu, da Daktora, da matan tsutsa da ke nan. A samo mini farar ƙasa."

Aka barbaɗa garin a ƙofar zaure. Almu ya ce kowa ya cire takalmi ya taka ya wuce. Mujahid ya wuce, ƙafa kamar faranti. Sa'idu ya wuce yana gunaguni. Raihana ta wuce.

"Wanga baƙo a kan tudu yake, yana neman matarsa da ta ɓata," Almu ya ce da ƙarfi, don na waje su ji. "Sa'idu ya zo da mugun nufi, Allah ya mayar da shi, shi da Shehu za su yi maganarsu. Wanda ya ɗauki faifai ba ƙin tsutsa yake ba, son ta yake. Ya bar sawunsa a ciki. Yanzu saura mata."

Matan suka dubi juna. Ba wadda ta motsa. Sai wata gajeriyar tsohuwa da ke zaune a gabansu, shugabarsu, ta gyara mayafi.

"Almu, kwashe farar ƙasarka. Ba sai ka sa matan mutane sun tuɓe takalmi a gaban maza ba. Ni ce."

"Gwaggo?" Muryar Raihana ta fito kamar ta ƙaramar yarinya.

Hannatu ba ta sunkuyar da kai ba. "Ni ce, ɗiyata. Ke da bakinki kika ce mini na saman can ciwo ba ya kama su. Kika faɗa kina murna, ina zuba miki miya. Mu kuwa kullum binnewa muke. Mace ta yi ta yanka ganye har hannunta ya yi kanta, saura kaɗan su saƙa, sai ta wayi gari ɗaki na wari. Na roƙe ki, kika ce sai an gama gwaji, sai an ba da izini. Wa za ya ba da izini? Ofishin da kike jira, yaƙi ya bar ko ƙofarsa? Ke kina jira, yara na kwana da ruwan zafi."

"Gwaggo, na gaya miki rabin magana ne, don ban so in karya miki zuciya. A cikin jikokinsu akwai waɗanda ba su saƙa komai. In ya shiga irinku, wannan karon za ku yi murna, karo na gaba ku tarar da tsutsa lafiyayya, ƙosasshiya, babu zare. Kuma babu hanyar cire shi. Ku rasa na da, ku rasa na yanzu."

Hannatu ta dubi hannayenta.

"Da kin faɗa mini haka."

"Da na faɗa."

"Kuma wanga bawan Allah?" in ji Shehu Salih, yana nuna Mujahid. "Hannatu, kina kallo za a ɗora shi a amalanke?"

Nan ne idonta ya kawo ruwa. "Wallahi don shi na zo. Na ce in an ɗora shi zan yi magana. Na so in ja lokaci ne kawai." Ta juya ga Mujahid. "Malesh, ɗana. Ka yafe mini."

Mujahid ya miƙe. Ya share jinin leɓensa, ya fita ta tsakiyar samarin. Suka dare masa, babu mai iya haɗa ido da shi.

"Ina faifan?" Raihana ta tambaya. "In ba su fito ba tukuna..."

"Sun fito tun jiya da hantsi. Na haɗa su da nawa. Sun yi ƙwai a kan ƙyalle." Hannatu ta ja numfashi. "Yau da safe na yayyanka ƙyallen, na rarraba."

Raihana ta zauna daɓas a ƙasa.

"Gidan wa da wa?" in ji Shehu.

"Ba zan faɗa ba. Ni na kai musu, ba su roƙe ni ba. Ba zan kira sunan kowa a gaban mijinta ba."

Matan da ke zaune duk suka dubi ƙasa. Almu ya ɗauki sandarsa.

"Ƙwan yaushe zai ƙyanƙyashe?"

"Da sauran kwanaki," in ji Raihana. "In aka tsoma shi a tafasasshen ruwa kafin nan, magana ta ƙare a nan."

"To tashi. Kada kowa ya biyo mu."

*

Daga ƙofar Hannatu suka fara. Ta ba da mabuɗi da kanta, aka kwashe farashar da sauran ƙyallen. Sannan Almu ya ɗauki sawun silifarta na safiyar nan, mai jan ƙafar dama kaɗan, ya bi shi lungu-lungu. Inda ta wuce, ya wuce. Inda ta shiga, ya tsaya a waje ya juya baya, Raihana ta shiga ita kaɗai. Wata ta kawo nata da sauri, tana rantsuwa ba ta san ko mene ne ba. Wata ta yi musu, sai da aka daɗe ana magana ƙasa-ƙasa kafin ta zaro shi daga cikin ƙwarya. Wata kuka ta yi. Kowane ƙyalle bai fi tafin hannu ba, ƙwai a jere a kansa kamar an watsa gero.

Rana ta yi sanyi lokacin da sawun ya sake tsallaka tur'a, ya bi bayan masallaci, ya karya kwana wajen tsohuwar rijiya. Tafiyar Almu ta ragu. Ya duba, ya sake dubawa, ko dai ya haɗa da sawun wata ranar. Bai haɗa ba. Silifar ta shiga wata ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti, wadda shi da hannunsa ya kafa.

"Daktora, wannan ki jira ni a waje."

Hadizatu na bakin murhu, ta ɗora tukunya. Ba ta ɗago ba.

"Hannatu ta zo nan da safe," ya ce.

"Ta zo gaisuwa."

Ya dubi tsakar gidan. Sawun ya wuce tabarmar baƙi, bai tsaya ba, ya tafi kai tsaye gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi. Mata biyu sun tsuguna a wurin. Taku kaɗan ne tsakaninsa da randar. Bai je ba. Ya jingine sandarsa, ya zauna bakin angarib, ya gaya mata duk abin da Raihana ta faɗa a zaure, bai rage ba bai ƙara ba.

Hadizatu ta tura itace cikin wuta.

"Jiya ka ga abin da na binne?"

"Na gani."

"Ba ka ce komai ba."

"Ban san abin da zan ce ba."

"Kullum idonka na ƙasa, Malam. Jakin wani, akuyar wani." Ta gyara itacen murhu. "Yau da ta kawo mini, na daɗe ina kallonsu. Na ce wannan karon zan ga sun saƙa duka, ko sau ɗaya."

Wuta na cin itace, ruwan tukunya ya fara motsi. Ta miƙe, ta je gindin randa, ta zura hannu ta bayanta ta zaro ɗan ƙyalle a naɗe cikin ganyen tut. Ba ta ba shi ba. Ta wuce shi ta buɗe ƙofa.

"Raihana, shigo. Ba a tsayuwa a ƙofar gidan nan."

Raihana ta shigo da ƙyallayen a cikin kwano, ta rusuna ta gaishe ta.

"Tambaya ɗaya zan yi miki," in ji Hadizatu. "Wancan ɗakin naki, har yaushe za mu riƙa jin labarinsa daga bakin maza masu tsoro?"

"Inna, ba zan yi miki alkawarin iri ba, don ban san yadda gwajin zai ƙare ba. Amma daga gobe duk wadda ke so ta zo. Ku ciyar da su da hannunku, ku ga waɗanda suka saƙa da waɗanda suka kasa. Abin da na gani, ku gani."

"Har Hannatu?"

Raihana ta dubi kwanon hannunta. "Ita ce farko."

Hadizatu ta gyaɗa kai. Ta buɗe tukunyar, tururi ya taso. Ta warware ganyen, ta riƙe ƙyallen da yatsu biyu, ta ƙara dubansa sau ɗaya, ta yi bisimilla ta sake shi a ciki. Sannan ta karɓi kwanon daga hannun Raihana ta juye sauran. Su uku suka tsaya suna kallon ƙyallayen na juyawa cikin tafasa.

"Ruwan tuwona ne wannan," in ji Hadizatu, tana goge fuska da bayan hannu. "Malam, ɗauki bokiti ka ɗebo mini wani. In ka dawo ka je madrasa ka kira yaron nan Mujahid. Yau a gidan nan zai ci abinci."